Amsa: Fesa wa sabuwar bamba fenti a gida

Malam, ka tambaya ko za ka iya fesa wa sabuwar bambar motarka fenti da kanka. Za ka iya, amma aikin duk yana wajen shiri.

Fara da duba lambar launin motar, galibi tana kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Da ita za a haɗa maka fentin, kada ka dogara da ido.

Wanke bambar da sabulu, ka goge ta da samfefa mai lamba 600 da ruwa har ƙyallin ya mutu. Tunda roba ce, sai ka sa firaimar roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama roba, in ba haka ba fentin zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Riƙe gwangwanin fentin nesa da bambar kamar santimita 20 zuwa 25. Fesa siriri sau uku, minti 10 zuwa 15 tsakani, sannan kiliya, wato shafin ƙarshe mara launi mai ƙyalli, sau biyu. Ka matsa kusa, ya dalalo. Ka yi nisa, ya yi kaushi-kaushi kamar yashi.

Kada ka fesa cikin rana tsaka ko ƙurar hunturu. Yayyafa ruwa a ƙasa, ka rufe hancinka, ka bar ta kwana biyu kafin ka ɗaura.