Ruwan da ya ratsa duwatsun Norwe: kogi ne ko teku?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani wuri a ƙasar Norwe, ruwa ya bi ta tsakanin dogayen duwatsu, ga ƙaton jirgin ruwa yana tafiya a ciki. Kogi ne ko teku? Kuma yaya jirgi irin wannan yake shiga bai maƙale ba?

Amsa: Teku ne, ɗan'uwa, ruwan gishiri ne da ya kutsa cikin ƙasa. Fiyod ake kiran irin wurin, kuma ƙanƙara ce ta haƙa shi.

A zamanin da sanyi ya mamaye arewacin duniya, ƙanƙara mai kaurin fiye da kilomita ɗaya ta lulluɓe ƙasar. Nauyinta ya sa take gangarowa a hankali ta cikin kwaruruka, tana jan tsakuwa da manyan duwatsu a ƙarƙashinta, tana goge ƙasa kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Kogi ba ya iya zaizaye ƙasa sosai ƙasa da matakin teku, domin da ya isa can ƙarfinsa ya ƙare. Ita ƙanƙara ba ruwanta, haƙa take ci gaba da yi. Da ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai teku ya shigo ya cike ramin.

Nan amsar tambayarka ta biyu take. Sognefjord, fiyod ɗin da ya fi kowanne tsawo a Norwe, ya shiga cikin ƙasa kimanin kilomita 205, zurfinsa a wani wuri ya haura mita 1,300. Abin mamaki, bakinsa ne ya fi rashin zurfi, wajen mita 100 kawai, saboda a can ƙanƙarar ta bazu, ƙarfinta ya ragu. Ko wannan ɗin ya ishi kowane jirgi wucewa. Matsalar matuƙi ita ce ƙunci: Nærøyfjord, wani reshe na Sognefjord, a wani wuri faɗinsa mita 250 ne kacal. Shi da wani fiyod mai suna Geirangerfjord hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Masu mota su ne ke shan wahala. Garin da kake hangowa a tsallake sai ka jira jirgin fito, ko ka bi ta cikin dutse. Ramin mota na Lærdal, da aka buɗe a 2000, tsawonsa kilomita 24.5 ne.