Zare, allura da maguna biyu a ɗaki ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni malamar firamare ce a Zariya, ina da aure da yaro ɗaya. Na daɗe ina sha'awar koyon aikin hannu irin na iyayenmu, ba don sayarwa ba, don dai in samu abin da zai raba ni da danne-dannen waya in na taso aiki. Hankalina ya rabu tsakanin ɗinkin hula, saƙar faifai da kwarashi, har rini ma yana burge ni. Matsalata ina da maguna biyu, uwa da ɗanta muzuru ɗan wata biyar. Ranar da na sayo ulu, kafin in fito daga kicin ya warware shi ya zagaye ƙafafun kujeru. Surukata ta ce in bayar da su, wai gashin kyanwa yana sa tarin fuka, kuma hular da mage ta hau ba a salla da ita. Maigida kuwa ya ce tun zuwansu ɓera ya bar mana buhun masara. Wanne zan fara koya, kuma dole ne sai na rabu da su?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba sai kin rabu da su ba. Sai dai kin ɗora damuwarki a kan ulu, alhali ulu ana naɗe shi, hular da aka taka kuma ana wanke ta. Wanda ke cikin haɗari a gidan da ake ɗinki shi ne muzurun nan naki. Da shi zan fara, don shi zai nuna mana sana'ar da ta dace ki soma da ita.

In mage ta taɓa lasar hannunki, kin ji kaushin harshenta. Wasu ƙananan ƙayoyi ne a kansa, dukkansu sun karkata suna kallon maƙogwaro. Da su take taje gashinta, da su take kankare nama daga ƙashi. Illarsu ita ce duk wani abu mai tsawo da ya hau harshen, ciki yake nufa. Ko ta so tofar da zare ba ta iyawa, sai ta yi ta haɗiya. Wani lokaci Allah na kiyayewa zaren ya wuce gaba ɗaya ya fita a kashi. Inda ake shiga uku shi ne idan baki ɗaya na zaren ya naɗe a ƙarƙashin harshe, ko ya maƙale a mafitar tumbi, saura kuma ya gangara cikin hanji. Hanji ba ya barin turawa. Yana ta tura abin da ya ƙi tafiya, sai shi kansa ya tattare a jikin zaren, kamar yadda ƙugun wando ke tattarewa in an ja mazagi. Zaren ya ɗaure tamau, ya shiga yankan bangon hanjin, ƙazanta ta tsiyaye cikin ciki. In abin ya kai nan, sai tiyata, ita ma sai an yi gaggawa.

Alamomin ba su da wuyar ganewa ga mai lura: amai a kai a kai, ƙin abinci, dalalar miyau, kwanciya a lungu, da ƙin yarda a taɓa cikinta. In kin ga haka bayan zare ko allura ta ɓace miki, kada ki jira gobe. Ku a Zariya ma kun yi dace, ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ki gaya wa likita irin zaren, tsawonsa, da ko akwai allura a jiki, domin allura tana fitowa a hoton ƙashi, zare kuwa ba ya fitowa, da bayaninki za a yi aiki.

Abin da zan roƙe ki, in kin ga bakin zare yana leƙowa daga bakinta ko daga duburarta, kada ki ja. Hannu yana ƙaiƙayin ja, amma ba ki san inda ɗaya bakin ya maƙale ba, kuma jan nan shi ke ƙarasa yanka hanjin. Kada a ɗura mata manja ko ruwan gishiri wai don ta amayar. Kada kuma a ba ta farasitamol don an ga tana jin jiki. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya mai 500 da babba ke sha ta isa ta kashe ta. Mutane da yawa sun rasa magunansu ta hanyar tausayi irin wannan.

To, mu dawo kan sana'a. Ni a ganina ki fara da faifai.

Dalilina na farko, kayansa ba su da tsada: kaba, ciyawar da ake cusawa a ciki, basilla, sai galura in kina son ado. Na biyu, babu siririn zaren da zai zame ya faɗi ba ki gani ba, basilla kuma ta fi ƙarfin haɗiya. Mage takan tauna kaba kamar yadda take tauna ciyawa, ta amayar, saboda haka ita ma ba a barin ta a warwatse, amma haɗarinta bai kama ƙafar na zare ba. Na uku kuma, faifai yana koya wa hannu abin da duk sauran sana'o'in ke nema, wato daidaita ja. Daga cibiya ake farawa, a naɗe 'yar ciyawa, a dinga zagayawa ana huda layin baya da basilla ana zura kaba ana ɗaurewa. Kuskuren 'yan koyo iri ɗaya ne: yau a ja da ƙarfi, gobe a sassauta, ko a bar cushen ciyawar ya sirance sannan a ƙara da yawa lokaci guda. Sai faifai ya ƙi kwanciya, bakinsa ya miƙe ko ya yi lanƙwasa. Ciyawa kaɗan-kaɗan ake ƙarawa tun kafin ta ƙare. Kaba kuma tana son laima, musamman da hunturu, in ba haka ba tana karyewa a hannu. Ki yayyafa mata ruwa ki naɗe a tsumma kafin ki zauna. Kada ki fara da babban faifan bakace. Ki fara da ɗan marfin kofi, ki yi uku ko huɗu, sannan marfin ƙwarya.

Wannan aiki ba a waya ake koyonsa ba. Kwarashi kam bidiyonsa ya cika YouTube, amma riƙon basilla sai kin zauna kusa da mai yi kin ga inda take ɗora babban yatsa. Ki nemi tsohuwa a unguwarku ko cikin dangin maigida, ki je mata da goro da sabulu, ki kuma biya ta ko ta ce a bari. Za ta nuna miki har yadda ake fid da jan launi daga karan dafi, abin da galurar kasuwa ta sa ake mantawa.

Hula ta biyo baya, in muzurun ya ɗan girma, hannunki kuma ya zauna. Zama a Zariya ba a koyi allura ba asara ce, garin da aka san shi da aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas, kuma da wuya ki shiga lungu a birni ba ki ga mai ɗinkin hula ba. Ki sayi wadda mai zane ya riga ya zana, ƙarama ta yaro, mai launi biyu ko uku, ki bar zanna da kube masu cika ido sai gaba. Amma kafin ki zura allurar farko ki ɗauki wasu ɗabi'u. Kada zaren da ke allurarki ya wuce kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Dogon zare yana ƙulluwa, yana saɓulewa ya rasa sheƙi saboda yawan ratsa yadi, kuma wutsiyarsa da ke rawa a ƙasa ita ke kiran mage daga ƙarƙashin gado. Allura biyu kawai za ki fito da su, ki ƙirga su in za ki tashi. Kada ki soke allura mai zare a hannun kujera ko a katifa, ko da sallama za ki je amsawa. Galibi ba allurar mage ke bi ba, zaren take wasa da shi, allurar ta bi shi ciki. Guntayen da kike yankewa su tafi kai tsaye cikin gwangwani mai murfi. Gwangwanin madara ya isa. Aikin gaba ɗaya kuma ya kwana a langa ko akwati, ba a leda ba, don ƙarar leda ma wasa ce a wurinsu.

Kwarashi yana tsakiya wajen haɗari. Ki huda murfin bokitin fenti, ki jefa dunƙulen ulu ciki, ki zaro bakin ta hudar. Dunƙulen da ba ya gangarawa ba ya jan hankali sosai. Aikin duwatsu da ake yin jaka da shi, mai siririn zaren roba irin na fatsa, shi ne ba na so a gidan mage, don ido ba ya ganin guntunsa a ƙasa, kuma ba ya tsinkewa.

Rini kuwa ki bar shi a waje. A karofi irin na Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, baba da toka ake jiƙawa a rami su yi kwanaki suna nuna. Rinin da ake koyarwa yau a gidaje da sodar kostik da hodar haidiro ake haɗa shi. Soda tana ƙona fata, mage kuma duk abin da ta taka sai ta lashe ƙafarta, sai ƙunar ta koma harshe da maƙogwaro. Ga ki kuma da ƙaramin yaro. In kina so, ki koya a wurin masu yi, ki wanke hannu a can ki dawo. Haka kafur da muke jefawa a akwatin kaya, da fiya-fiya da ake yayyafawa don kyankyaso, duk guba ne gare su. In kin sa kafur a akwatin ulu, ya zama mai rufuwa ƙam.

Lokacin zama ma yana da tasiri. Mage tana barcin awa 12 zuwa 16 a yini, ƙiriniyarta kuma da asuba da magariba take tashi, lokacin farauta. Kin taso makaranta da azahar, daga nan zuwa la'asar suna shanye a inuwa, ki yi aikinki. In sai dare kike samun sarari, ki fara gajiyar da muzurun da gashin kaza ɗaure a tsinken kara, ki ba su abinci, sannan ki buɗe langa. Abin wasan ma ki ɓoye in an gama. Uwar ko da kin san ta da sanyin hali, kada ki saki jiki, a gaban zare babu kyanwar Lami. Kuma kada ki taɓa yi musu wasa da ulun aikinki ko sau ɗaya, in kin yi kin koya musu cewa nasu ne. Duka ba ya hana su, sai dai su koyi jiran ki fita. Don yaƙushi, ki jingina musu guntun icce ko ki naɗe buhun algarara a ƙafar benci, in ba haka ba tabarma da tintim ɗin fata za su biya.

Sai maganar Hajiya surukarki, kuma ki isar mata da ladabi. Tarin fuka ƙwayar cuta ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga tarin mai ɗauke da shi, wani nau'in kuma daga nonon saniya mai ciwo da ba a tafasa ba. Gashin kyanwa ba ya haifar da shi. Amma tsoronta ba banza ba ne gaba ɗaya: akwai wani sinadari a miyau da fatar mage da ke bushewa a gashinta, wanda ke sa wasu atishawa da ƙaiƙayin ido, yana kuma tayar wa mai asma ciwonsa. In yaronki yana shessheƙar numfashi ko yawan mura in ya yi wasa da su, ki kai shi asibiti a duba, kuma su daina shiga ɗakin barcinsa. In wani za ki ba hular, a wanke ta tukuna. Dama hular hannu ba a sa ta sai ta je wurin masu wanki an sa mata sitaci.

Batun salla kuwa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har miyanta da guminta. Hadisin Abu Ƙatada sananne ne, wanda ya karkata wa kyanwa ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Saboda haka hawa ko kwanciya a kan hula ba ya ɓata ta. Fitsarinta da kashinta su ne najasa, sai an wanke.

Fitsarin nan ma ki shirya masa, don ɗan wata biyar ya kusa balaga, kuma muzuru in ya balaga yakan dinga fesa fitsari a bango da kaya don shata yankinsa. Warinsa in ya shiga kaba ko ulu da ƙyar yake fita. In ya taɓa yadi, ki fara ɗauraye shi da ruwan sanyi sosai kafin sabulu, kada ki goge da dutsen guga sai warin ya tafi, zafi yana kama shi. Kada ki zuba bilic kai tsaye a kan fitsarin, haɗuwarsu tana tayar da iska mai shaƙe mutum. Maganin abin tun daga tushe shi ne fiɗiya a hannun likitan dabbobi, ana yi daga wata 5 zuwa 6, tana rage fesawar da yawon dare da faɗa, kuma ba ta hana shi kama ɓera, sai ki kwantar wa maigida hankali. Ki tafi da uwar a tafiya ɗaya a yi musu allurar rigakafin haukan kare, ki kuma tambayi likita batun tsayar mata da haihuwa, in ba so kike baɗi ki ƙirga maguna shida a kan tabarmar saƙa ba.