Barewa ta hana dajina tsirowa: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni Bahaushe ne mazaunin jihar Pennsylvania a Amurka, kuma shekara uku ke nan da na sayi fili mai eka 60, yawancinsa daji. Duk itacen da na dasa sai barewa ta cinye kansa, lambun da ke bayan gida ma bai tsira ba. Wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in riƙa zuba musu masara a can nesa don su ƙyale dashena. Shin wannan dabara ce? Kuma tunda filin nawa ne, ina da ikon harbe su yadda na ga dama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce wadda kuskure a cikinta zai iya kai ka gaban alƙali. A dokar Amurka fili naka ne, amma naman dajin da ke yawo a cikinsa ba naka ba ne. Gwamnatin jiha ce ke riƙe da shi amana a madadin jama'a. A jiharku hukumar kula da farauta, wato Pennsylvania Game Commission da aka kafa a 1895, ita ke yanke lokacin farauta, da irin makamin da aka yarda da shi, da adadin da mutum zai kashe. Ikonka shi ne ka ba wanda ka so izinin shiga filinka, ka hana wanda ka so.

Wannan tsauri yana da tarihi. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa da sare dazuzzuka sun kusa ƙarar da barewa mai farin bindi, har ana ƙiyasin cewa abin da ya rage a ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. Dokar Lacey ta 1900 ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, sannan dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin raya namun daji. Gyaran ya yi nasara har ya zarce, domin yau ana maganar kimanin miliyan 30, alhali kerkeci da zakin dutse da ke rage su a da an daɗe da kawar da su daga gabashin ƙasar. Muna kiranta barewa ne don sauƙin magana, amma ta bambanta da tamu ta Sahel: namijinta yana da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa duk shekara ya sake tsiro da sabo, kuma macen da ta ƙoshi yawanci tagwaye take haifa a watan Mayu ko Yuni. Saurin yaɗuwarta ya bayyana sarai a gandun George Reserve na jihar Michigan, inda aka saki guda shida cikin shinge a 1928, kafin shekara shida suka haura 160.

Shawarar maƙwabcinka kuwa, ina roƙonka ka bar ta. Masara ba ta janye barewa daga dashenka. Ƙarin baƙi za ta gayyato maka daga filayen da ke kewaye, waɗanda za su ci masarar su kuma ɗanɗani duk wani tsiro da ke kan hanyarsu. Barewa mai tuƙa ce kamar akuya, kuma idan cikinta ya saba da tsinke da toho a hunturu, cika shi da hatsi farat ɗaya kan jawo tsamin tumbi da ke kashe ta, abin da duk mai kiwon tumaki ya sani. Mafi muni shi ne cutar da ake kira CWD, mai lalata ƙwaƙwalwa har dabba ta rame ta mutu, wadda aka fara lura da ita a Colorado a 1967, aka kuma tabbatar da ita a Pennsylvania a 2012. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, ba ta da magani, saboda haka tara dabbobi su sa baki a tuli ɗaya hanya ce ta baza ta. A yankunan da hukumar ta keɓe saboda cutar an haramta ciyar da barewa gaba ɗaya, farauta a kan abincin da aka zuba kuma laifi ce a mafi yawan jihar.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kada ka ɓata lokaci wajen ƙirga barewa. Ka karanta tsirran dajinka, su za su faɗa maka gaskiya. Shiga dajin a watan Yuli ka durƙusa ka duba. Idan kana hangen nesa a ƙarƙashin itatuwa kamar an share, kuma ganye ya ƙare daga ƙasa har zuwa daidai kafaɗar mutum sai ka ce da almakashi aka daidaita shi, to barewa ta fi ƙarfin abin da filin zai ɗauka. Haka nan idan ƙasa ta rufe da fan, ciyawar nan mai ganye kamar gashin tsuntsu wadda barewa ba ta ci, amma babu ƙananan itatuwan oak da maple masu tasowa. Binciken da aka yi a dazuzzukan Allegheny na arewa maso yammacin jiharku ya nuna cewa idan yawansu ya wuce kimanin 20 a murabba'in mil ɗaya, sabon daji yana kasa tasowa yadda ya kamata, tsuntsayen da ke sheƙa a ƙananan rassa kuma suna raguwa. Gwaji mafi arha shi ne ka kewaye ɗan wuri, taku biyar a tsawo biyar a faɗi, da waya, ka bar shi shekara biyu, sannan ka gwada cikinsa da wajensa. Na fi amincewa da wannan ɗan shinge a kan hotunan kyamarar da ake ɗaurawa a jikin itace, domin kyamara na iya ɗaukar barewa ɗaya sau goma.

Idan ta tabbata sun yi yawa, mata ake ragewa. Mafarauta da dama burinsu namiji mai babban ƙaho, amma kashe maza ba ya rage haihuwa, tunda namiji ɗaya yana barbarar mata da yawa a watan Nuwamba. Hukumar tana sayar da lasisin barewa marar ƙaho yanki-yanki, kuma tun 2003 tana da shirin DMAP, wanda mai fili ke neman ƙarin takardun izini ya raba wa mafarautan da ya amince da su, gwargwadon faɗin filinsa da ɓarnar da ake masa. Ka gindaya musu sharaɗi tun farko cewa a harbi mace kafin a nemi namiji. Ka kuma kiyaye tazarar da doka ta sa: yadi 150 daga gidan da ake zaune ga mai bindiga, yadi 50 ga mai kwari da baka, sai da izinin masu gidan. Naman da ya fi ƙarfin gidanka akwai shirin Hunters Sharing the Harvest da ke kai shi ga mabukata tun 1991, kuma idan kana yankin cutar, ka kai kan dabbar a gwada kafin a ci.

Sai dai eka 60 ƙaramin wuri ne ga dabbar da yawonta kan kai murabba'in mil, wato eka 640. Duk wadda ka rage, wata za ta shigo daga maƙwabta, saboda haka zama da masu filayen da ke kewaye da kai, har da mai shawarar masara, ku yi magana ɗaya a kan adadin matan da za a cire duk shekara, ya fi duk abin da za ka yi kai kaɗai.

Rabin aikin da ya rage na haske ne. Dajin da manyan itatuwa suka rufe samansa ba ya fitar da abinci a ƙasa, shi ya sa barewa ke afka wa ɗan abin da ka dasa. Ka gayyato jami'in gandun daji na gundumarku, wanda ke zagaya fili da mai shi kyauta, ya nuna maka itatuwan da za a sare don rana ta sauka. Amma a bi tsari: idan ka buɗe daji kafin ka rage barewa da fan, ka shimfiɗa musu tabarmar cin abinci ne kawai. Dashenka kuwa ka sa wa kowanne bututun roba ko kejin waya mai tsawon ƙafa biyar har kansa ya wuce bakinsu, lambun kuma shinge mai ƙafa takwas, domin ƙasa da haka tsallakewa suke yi. Shirin EQIP na ma'aikatar noma ta tarayya yana ɗaukar wani kaso na kuɗin irin waɗannan ayyuka, kuma ofishinsu na gunduma ne ke karɓar takardar nema.