Ana iya tura ƙamshin turare ta waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta, humra da almiski a nan Jidda, amma yawancin masu sayen kayana suna Kano da Damagaram. An turo mini bidiyon wata manhaja, wai in na sauke ta mai saye zai ji ƙamshin kayana ta wayarsa. Da gaske ne? Daga wata Hajiya, unguwar Karantina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sauke ta. Wayarki ba ta da abin fitar da ƙamshi, kuma manhaja ba ta iya ƙara wa waya abin da kamfani bai saka mata ba. In kin yi sa'a, talla kawai za ta cika miki waya da shi. In ba ki yi ba, ta nemi izinin karanta saƙonninki, inda lambobin sirri na banki da na Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ke shigowa. Google ma ya taɓa sanar da Google Nose a 2013, wai za a riƙa jin ƙamshi ta waya, ashe zolayar ranar 1 ga Afrilu ce.

To me ya sa hoto da murya ke tafiya, ƙamshi ya ƙi? Amsar tana cikin aikin wata masaniya 'yar Amurka, Linda Buck, haifaffiyar Seattle a 1947. Tana ɗakin binciken Richard Axel a Jami'ar Columbia lokacin da suka wallafa, a 1991, cewa sun gano dangin ƙwayoyin gado kusan 1,000 a jikin ɓera, waɗanda ke ƙera masu kama ƙamshi a cikin hanci. Kafin nan ba wanda ya san takamaiman abin da hanci ke kamawa da shi. Da ta koma Harvard, a 1999 ita da abokan aikinta suka nuna cewa ƙamshi ɗaya yana taɓa masu kamawa da yawa, kowane mai kamawa kuma yana amsa ƙamshi fiye da ɗaya, kamar yadda haruffa 'yan kaɗan ke haɗuwa su ba da kalmomi barkatai. Ita da Axel suka raba kyautar Nobel a 2004.

Ga inda abin ya shafe ki. Idon ɗan Adam na rarrabe launi da masu kamawa iri uku ne kacal, shi ya sa allon waya ke gauraya ja, kore da shuɗi ya fitar da kowane launi. Hancinmu kuwa yana da kusan iri 400, kuma ba a samo wasu 'yan ƙamsasa da za a gauraya su ba da sauran duka ba. Ban da haka, sai ƙwayoyin turaren da kansu sun shiga hanci kafin a ji. Shi ya sa na'urorin da aka gwada, irin Scentee ta Japan a 2013 da ake maƙalawa a waya, ƙamshin da aka ɗura musu kaɗai suke fesawa.

Ana dai ci gaba da ƙoƙari. Alex Wiltschko ya bar Google ya kafa kamfanin Osmo a 2022, kuma a 2023 mujallar Science ta buga yadda ƙirƙirarriyar basirar da aka horar da sinadarai kusan 5,000 ke hasashen ƙamshin sinadari daga siffarsa. Amma sinadari ɗaya-ɗaya ne, humrarki kuwa haɗi ce, haɗin da ma ba kya gaya wa kowa. Ki zuba samfuri a ƙananan kwalabe ki bai wa masu dawowa daga Umara, har yanzu ita ce hanyar da ta fi.

Tambaya: Akwai na'urar da zan haɗa da waya ta gane mini oud na gaske da na jabu? Daga wani mai shago a Shara Mansur, Makka.

Amsa: Alhaji, ban ba ka shawarar kashe riyal ko ɗaya a kai ba. Hancin lantarki, wato na'urar gane ƙamshi, ya daɗe, tun 1982 Krishna Persaud da George Dodd suka gwada shi a Jami'ar Warwick ta Ingila, amma ƙananan da ake haɗawa da waya galibi ingancin iska suke aunawa. In kaya masu tsada za ka saro, ka nemi dillali ya ba ka sakamakon gwajin GC-MS, wanda ke warware man turaren ya lissafa sinadaran da ke ciki, ka kuma duba lambar kayan da ke kan takardar ta yi daidai da ta jikin kwalbar.