Shugaba ya sa hannu a yarjejeniya, me ya rage wa majalisa?

Tambaya: Malam, mukan ji shugaban ƙasa ko minista ya je waje ya rattaba hannu kan yarjejeniya, daga baya kuma a ce ana jiran majalisa. Tunda an riga an sa hannu, majalisar me za ta yi?

Amsa: Sa hannu daban, tabbatarwa daban. A manyan yarjejeniyoyi, sa hannu yakan nuna cewa wakilan ƙasashe sun yarda wannan ne rubutun da suka cimma. Nauyin cika alkawari ba ya hawa kan ƙasa sai ta miƙa takardar tabbatarwa. A tsakanin nan ne majalisa ke duba abin da za a ɗora wa jama'a: kuɗin da za a kashe, dokokin da za a sauya, da ikon da ƙasa za ta sarayar.

Dalilin yin wannan kafin tabbatarwa yana cikin Yarjejeniyar Vienna ta 1969, wadda ta tsara ƙa'idojin ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Sashe na 27 ya ce ƙasa ba za ta fake da dokarta ta cikin gida don ƙin cika alkawari ba. Da zarar an tabbatar, bakin alƙalami ya bushe.

Ƙarfin majalisa kuwa ya danganta da tsarin mulkin kowace ƙasa. A Amurka sai kashi biyu cikin uku na sanatocin da ke zaure sun amince. Shugaba Woodrow Wilson da kansa ya sa hannu a yarjejeniyar Versailles a 1919, amma Majalisar Dattawa ta ƙi ta, shi ya sa Amurka ba ta shiga ƙungiyar ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada ba. A Birtaniya, dokar 2010 ta wajabta ajiye yarjejeniya gaban majalisa tsawon ranakun zama 21. Idan ba a ɗaga murya ba, gwamnati ta wuce abinta. A Ghana, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2017 cewa karɓar fursunonin Guantanamo biyu ba tare da amincewar majalisa ba ya saɓa wa sashe na 75 na kundin tsarin mulkin ƙasar.

Tsarin Nijeriya ne ya fi rikita mutane. Sashe na 12 na kundin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, amma ɓangaren zartarwa ne ke tabbatarwa. Wato ƙasa na iya ɗaukar alkawari a waje alhali kotunan gida ba za su yi aiki da shi ba. Dubi Bakassi: Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya sun sa hannu a yarjejeniyar Greentree kan miƙa yankin ga Kamaru a Yunin 2006, Majalisar Dattawa ta nuna ƙin amincewa a Nuwamban 2007, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008. Ihu bayan hari ke nan.

A ganina, ko inda majalisa ke da ƙarfi, akwai giɓi. Rubutun yakan zo mata a kammale, ba ta iya sauya shi ita kaɗai, domin ƙasashe da yawa ne suka tsara shi. Don haka ya kamata a riƙa sanar da kwamitocin majalisa tun ana kan teburin tattaunawa. Dokar Tarayyar Turai ta tanadi a sanar da majalisarta a kowane mataki, kuma majalisar ta yi amfani da ikonta a 2012 ta yi watsi da yarjejeniyar ACTA ta yaƙi da jabun kaya.