Tambaya da Amsa: Furotin Ɗaya Mai Aiki Biyu a Tantanin Ƙwayar Halitta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. An karantar da mu cewa furotin TMEM16F yana wucewa da ayon (ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki) kuma yana cakuɗa maiƙon tantanin ƙwayar halitta. Ta yaya abu ɗaya ke yin aikin nan biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta rufi biyu ne na maiƙo, kuma kowane ɗigon maiƙon yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudunsa. Ƙwayar tana kashe kuzari wajen tsare wani maiƙo mai suna fosfatidilserin a rufin ciki, domin fitowarsa waje saƙo ne ga sauran jiki.

TMEM16F ɗaya ne daga cikin dangi goma a jikin mutum. A 2008 aka gano cewa ɗan'uwansa TMEM16A ƙofa ce da ayon na kuloraid ke bi, wadda kalsiyam ke buɗewa, a 2010 kuma Shigekazu Nagata da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa TMEM16F maiƙo yake cakuɗawa, wato yana tsallakar da shi tsakanin rufin ciki da na waje. Amsar tambayarki ta fara bayyana a 2014, lokacin da ɗakin binciken Raimund Dutzler a Zurich ya fitar da surar irin wannan furotin daga wani naman gwari. A gefensa akwai kwari mai son ruwa wanda ke fuskantar maiƙon tantanin. Idan kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwayar ya maƙale a mazauninsa, sai furotin ya sauya tsayuwa, kan maiƙon ya bi ta kwarin ya tsallaka yayin da jelarsa take cikin tantanin, kamar yadda ake goga katin banki a tsagin na'ura, gefe guda a ciki, sauran a waje. Ta wannan yanki ne ayon ma ke ratsawa. A TMEM16A kuwa furotin ya rufe kwarin ya mayar da shi bututu, shi ya sa ayon ke wucewa, maiƙo ba ya wucewa.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne amfaninsa ga jini. Idan mutum ya ji rauni, filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini, suna fito da fosfatidilserin waje ta hanyar TMEM16F, sinadaran daskarar da jini su taru a kansa su samar da turombin, sinadarin da ke sa jini ya daskare. Wanda aka haifa da TMEM16F maras aiki yana fama da cutar Scott, wadda ba kasafai ake samunta ba, jininsa yakan jinkirta tsayawa bayan tiyata ko haihuwa. Jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila kuwa suna fito da wannan maiƙo fiye da kima, abin da ke ƙara musu manne wa bangon jijiya, kuma ina fatan ɗalibanmu na nan Sakkwato za su duƙufa kan wannan ɓangaren, ganin yawan iyalan da sikila ke wahalarwa a ƙasar nan.