Amsa ga mai tambaya kan raunin jin mahaifinsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka ce yana ƙure rediyo, yana cewa ku ne kuke magana ƙasa-ƙasa, kana tambaya ko a jira abin ya yi ƙarfi ko a sayo masa na'urar kunne a babbar kasuwa. Kada ku jira, kuma kada ku sayi ta kasuwa.

Raunin ji na tsufa da siraran sautuka yake farawa, irin su s, f, sh da ts. Shi ya sa Baba ke jin murya amma kalmar ta kuɓuce masa, balle a taron suna ko ɗaurin aure. Kunne ɗauko sauti kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke tantance magana, kuma in ta daɗe ba ta samun waɗannan sautuka sai ta manta da su. Wanda aka makara da shi, ko an sa masa na'ura mai kyau sai ya ce hayaniya kawai yake ji, ya ajiye ta. Kafin nan ma ya daina zama a fada saboda kunyar yawan cewa "me ka ce?", wannan kaɗaicin kuwa ya fi raunin jin cutar da tsoho.

Ku fara kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa, a babban asibiti nan Maradi. Likita zai leƙa ciki da fitila. Wani lokaci dauɗa ce ta toshe, a wanke ji ya dawo. In akwai mugunya ko dodon kunne ya huje, magani ne farko. Ku faɗa masa in Baba ya taɓa yin sanƙarau, ko an yi masa allurar jentamisin ko kinin da yawa, ko ya daɗe kusa da injin niƙa. Daga nan sai gwajin ji, odiyogram, kowane kunne daban. In an tura ku Yamai ko Kano saboda gwajin, ku je, ya cancanci kuɗin mota. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, raunin da ya wuce desibel 35 (ma'aunin ƙarfin sauti) a kunnen da ya fi ji ya zama nakasa. (Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a kai shi ranar, wannan ba ya jira.)

Da takardar sakamakon gwajin jin ake saita na'ura ta ƙara sautukan da suka ɓace kaɗai. Ta kasuwa komai take ƙarawa, har da ƙarar babur, tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage.

Ga tsoho na fi son mai zama bayan kunne, da ƴar tiyo da toshiyar roba da aka auna da kunnensa. Ta fi jure gumin bazara, kuma yatsu sun fi iya riƙe ta. In kunnuwa biyu ne suka raunana kuma da hali, a sa biyu. Kafin ku biya, ku tabbatar ana samun pil ɗinta, wato batir, a gari: lamba 13 mai takarda ruwan lemu, ko 675 mai shuɗiya. In an ɓare takardar a jira minti ɗaya kafin a saka, domin da iska yake aiki, kuma daga nan ya fara ƙarewa ko ba a yi amfani da shi ba. Lamba 13 yakan yi sati ɗaya zuwa biyu. A ɓoye shi daga yara, haɗiye shi haɗari ne babba.

A cire ta kafin alwala da wanka. Da dare a buɗe ƙofar pil, a goge da busasshen ƙyalle, a rufe ta a gwangwani saboda ƙurar hunturu. In tana fito, toshiyar ce ba ta zauna ba ko dauɗa ta taru. In ta yi shiru, a duba pil da bakin tiyo kafin a ce ta lalace. Tiyon yakan taurare, a canza shi duk bayan wata 3 zuwa 6.

Makonnin farko ne wahalar. Zai ji muryarsa baƙuwa, ƙarar kwano ta dame shi. Ya fara da awa 2 zuwa 3 a gida, ana ƙarawa kullum har ya yini da ita. Ku fuskance shi in kuna magana, a hankali, ba da ihu ba. Bayan wata guda ku koma a gyara saitin, ku tafi da bayanin wuraren da har yanzu magana ke kuɓuce masa.